Tuta ta huɗu

Har yanzu idan na tuna fuskar yaron nan sai raina ya sosu. Sati uku ke nan da muka kai 'yan sikawut ɗinmu, su 18, bayan Dutsen Kufena a Zariya don atisayen neman hanya da taswira da kamfas. Ni na tsara komai. Na zana taswirar daga hoton tauraron ɗan'adam, santimita 1 a matsayin mita 100, na sa tela ya ɗinka tutoci shida masu ruwan lemo da fari irin na gasa, na raba yaran bibbiyu, kowa da usur a wuya. Wanda ya ɓata kuma ya san umarni: ya fuskanci dutsen, ya tafi har ya fito turba.

Da safe komai lafiya lau. Mun auna mita 100 da igiya, kowa ya ƙirga takunsa, sannan suka riƙa zuwa tuta ɗaya su dawo wurina kafin su tafi ta gaba. Matsalar ta fito ne a dogon zagaye.

Ana gobe atisayen, bayan la'asar, na je kafa tutocin ni kaɗai, ga hazo ga gajiya. Ta huɗu a taswira tana gindin tsamiya kusa da falalen dutse. Ashe tsamiya biyu ce a wurin, kowacce da dutsenta, tsakaninsu kamar mita 80. Na biyo turba, na hango ta farko, na ɗaura na wuce. Ban duba kamfas ba, ban ƙirga taku ba. A takarda milimita 8 ce kacal.

Akwai wani yaro ɗan shekara 13, wanda ya fi kowa natsuwa a cikinsu. Ya tsaya a mararrabar turba, ya daidaita taswira da arewa, ya ɗauki saiti, ya ƙirga takunsa, suka isa gindin tsamiyar da ke daidai shi da abokin tafiyarsa. Babu komai. Suka koma mararraba suka sake, har sau uku. Su kuwa waɗanda suka cusa kamfas a aljihu suna bin ƙurar 'yan'uwansu, sai suka hango ruwan lemo daga nesa, suka dawo suna murna.

Bayan minti 40 ya iso, leɓensa a bushe. Ya ce, "Malam, wallahi nan ne. Ko kamfas ɗin ya lalace?" Na ce masa a gaban kowa, "Ka koma ka sake lissafinka." Wannan maganar ta fi ɗaura tutar yi mini ciwo. Da azahar na fita kwashe tutoci, wannan karon da kamfas a hannu, sai ga ni gindin tsamiyar da babu tuta, ƙasa cike da sawun takalmansu sun yi ta kewaya ta.

Na ba shi haƙuri a gaban waɗanda na kunyata shi a gabansu. Amma haƙuri bai gyara ɓarnar ba, domin abin da atisayen ya koyar ranar shi ne mai bin ƙa'ida ya sha wuya, mai bin jama'a ya ci nasara.

Yanzu ba na kafa tuta kai tsaye. Zare nake fara ɗaurawa, in iso wurin ta fuska biyu daban, sannan in miƙa wa abokin aikina taswirar ba tare da na faɗa masa komai ba. In bai sami zaren ba, wurin ya fita daga tsari. Kuma ga masu koyo na daina zaɓar abin da ke da tagwai a kusa, ko itace ne ko dutse. Gara mararraba, ko lanƙwasar rafi, ko kusurwar gona. Yaro kuwa ya ce tuta ba ta nan, tashi zan yi mu je tare.

Asabar da ta wuce na lura da yaron nan. Kamfas na tafin hannunsa, allura na nuna masa daidai, amma idonsa na kan inda sauran suka nufa. Sati mai zuwa shi zan ba aikin duba zaren kafin a ɗaura tutoci.