Akihabara, unguwar da ake sayar da shagwaɓa

Ƙanwata da ke karatu a Tokyo ce ta dage sai na ga Akihabara kafin in dawo gida. Ni kasuwar kayan lantarki nake marmarin gani, don rediyo da talabijin ɗin da muka tashi da su a gida duk ƙirar Japan ne. Ta ce can ma akwai su. Ba ta yi ƙarya ba, rabin labarin ta ɓoye.

Daga tashar Ueno muka hau jirgin ƙasan layin Yamanote, wanda ke zagaye tsakiyar birnin, a tasha ta biyu muka sauka. Lahadi ce, ranar da ake rufe babban titin Chuo-dori da rana, a hana motoci a bar wa masu ƙafa. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu masu sayar da kayan gyaran rediyo ne suka kafa kasuwar nan, har yau kuma akwai 'yan ƙananan rumfunansu a ƙarƙashin gadar jirgi, tsofaffi na zaune cikin wayoyi da ƙwayayen fitila. Can na so in daɗe. Sai dai kana fitowa fili ka ɗaga kai, fuskokin 'yan matan finafinan zane na Japan ne suka lulluɓe benaye daga sama har ƙasa: ido ya cinye rabin fuska, hanci ɗan ɗigo, kumatu sun yi ja, wata ta dafe baki kamar an tsorata ta, wata hawaye na shirin zubo mata. Japanawa na kiran abin da irin wannan zane ke motsawa a zuciya moe, kuma a 2005 kalmar ta shiga jerin waɗanda suka fi tashe a ƙasar.

A benen Radio Kaikan, wanda sunan rediyo kawai ya rage masa, hawa bayan hawa 'yan tsana ne na roba cikin akwatunan gilashi. Wasu akwatunan ma haya ake bayarwa, mutum ya jera nasa ya sa kuɗi. Na ga magidanci da furfura ya duƙa yana duba fentin wata 'yar tsana da natsuwar da ba kowa ke ba wa iyalinsa ba.

"Yaya, kai ma ka tsaya kallon waccan mai kuka," in ji ƙanwata.

Na ce mamaki nake yi.

Ta ce ba mamaki ba ne, dabara aka yi wa idona. Tun 1943 wani masani ɗan Ostiriya, Konrad Lorenz, ya bayyana cewa babban kai da manyan idanu da ƙaramin hanci, wato siffar jariri, suna tayar wa ɗan Adam son rarrashi da karewa. Masu zanen nan sun san haka sarai. Kuma a Japan abin ya wuce fim. Rundunar 'yan sandan Tokyo na da nata ɗan zane mai manyan kunnuwa, lardin Kumamoto na da baƙin beyar mai jan kumatu da ke tallata shi tun 2010, kamfanin Sanrio kuwa tun 1974 yake cin abinci da kyanwarsa Hello Kitty. Duk wannan bai dame ni ba, har dariya yake ba ni. Rauni ne ya tsaya mini a rai, yadda ake zana yarinya tana tuntuɓe, tana ɓarar da shayi, tana ba da haƙuri da 'yar siririyar murya, ba don komai ba sai don mai kallo ya ji shi ne gatanta.

Muryar na ji ta da kunnena a wani gidan shan shayi da muka hau, irin waɗanda suka fara buɗewa a unguwar a 2001. 'Yan mata ne sanye da kayan 'yan aikin gidan Turawan da, suna tarbarka da "sannu da dawowa, maigida" alhali ba ka taɓa zuwa ba. Shayi kawai na sha. Na kusa da mu ya sayi shinkafa da wainar ƙwai, aka zana masa kyanwa a kai da jan miyar tumatir, aka sa shi ya haɗa yatsu ya yi siffar zuciya yana maimaita wasu kalmomi wai don abincin ya ƙara daɗi. Doka a wurin da tsauri: ba a taɓa kowa, hoto da ma'aikaciya sai an biya. Mata ma suna cikin masu zuwa, da baƙi 'yan yawon buɗe ido. Abin da na lura da shi, yarinyar da ta kawo mana shayi tana juyawa ga abokiyar aikinta sai muryarta ta sauko ta zama ta babbar mace da ta gaji da tsayuwa.

Da muka fito na ce wannan abu yana da ban haushi. Ƙanwata ta tsaya cak a tsakiyar titi.

"Yaya, littattafan soyayyar da ake sayarwa a Kano fa? Wace jaruma ce ba ta tura baki tana bubbuga ƙafa? Can sunanta shagwaɓa, kuma ku maza kuka ce kuna so."

Ban ba ta amsa nan take ba. Ta ci gaba, ta ce lokacin sanyinta na farko a ƙasar, ba ta jin yaren, ba ta san kowa ba, in ta dawo ɗaki irin waɗannan finafinan take kunnawa, waɗanda ba abin da ke faruwa a cikinsu sai 'yan mata na shan shayi suna hira. Ba mai tsawa, ba mai mugunta. Ta ce mutumin da ya yini ana masa faɗa a ofis, ya kamo jirgin ƙarshe na dare, in ya so ganin fuskar da ba ta harararsa, ina laifinsa?

Na yarda da wannan, har yanzu ma na yarda. Amma akwai bambanci tsakanin yarinyar da aka zana da tsoro tana kuma da abin da ta sa a gaba, ta faɗi ta tashi, da wadda aka zana don faɗuwar kaɗai. Ta farko tana shiga rai. Ta biyu haja ce, kuma ita ta fi yawa a bangon Akihabara. Sannan akwai hawa na sama a wasu shaguna, inda aka rataye labule da lamba 18, ana sayar da zanen batsa da fuskokin da ba su wuce na yara ba. A 2014 Japan ta haramta mallakar hotunan lalata da yara, amma dokar ba ta haɗa da zane ba. A nan kam ƙanwata ba ta yi musu ba, ta ce ita ma ba ta ko kallon matakalar.

Mun ɗan haura tudu zuwa Kanda Myojin, tsohon wurin bautar Shinto, addinin gargajiyar Japan, da ke bayan unguwar. Kallo muka je. Ana rataye 'yan allunan katako da mutane ke rubuta buƙatunsu a kai, kuma da yawansu an zana musu waɗannan 'yan matan da hannu, zane mai kyau ƙwarai, a gefe an rubuta fatan cin jarrabawa ko samun aiki. Har layar kare kwamfuta ake sayarwa.

Washegari ta kai ni Ikebukuro, wani layi da ake kira Otome Road, inda mata ne suka cika shaguna. Can samari ake zanawa, sirara, idanu cike da damuwa, wani da bandeji a kumatu, wani ya sunkuyar da kai kamar maraya. 'Yan mata da matan aure na layi suna sayen bajojinsu, su jera su a jaka mai tagar roba don kowa ya gani. Ƙanwata ta sayi biyu, ni na biya.