Zaga Maitama da ƙafa daga otal ɗin Hilton

Abuja gari ne da aka zana domin mota. Tituna masu faɗi, shataletale, gadoji, kuma tsakanin wannan gini da wancan akwai tafiya. Shi ya sa yawancin baƙin da ke sauka a Transcorp Hilton ba sa taka ƙasar Maitama sai daga ƙofar otal zuwa ƙofar mota. Alhali unguwar tana takuwa, in dai mutum ya san lokacin fita, ya kuma san inda zai tsaya ya juyo.

Otal ɗin yana lamba 1 a Titin Aguiyi Ironsi, kuma tun 1987 yake nan, lokacin ana ce masa Nicon Noga Hilton, shekara huɗu kafin gwamnati ta taso daga Legas a 1991. Yana bakin iyakar Maitama da tsakiyar gari, don haka hanya biyu ce a gabanka: ta wurin shaƙatawa, da ta cikin gidaje. Kada ka haɗa su a fita ɗaya, rana za ta same ka a hanya.

Lokaci shi ne rabin aikin. Ka fita da ƙarfe 6:30 na safe ka dawo kafin 9:00, ko bayan la'asar ka dawo kafin magariba. A watan Maris da farkon Afrilu kwalta kan yi zafin da za ka ji shi ta tafin takalmi tun da hantsi. Da damina kuwa hadarin Abuja ba ya sallama: in ka ga gabas ta yi baƙi iska ta fara kaɗa ganye, ka nufi otal, domin a cikin unguwar babu rumfar fakewa sai ɗakin mai gadi. Ka ɗauki ruwa lita ɗaya, hula, takalmi mai rufin yatsu, katin shaida, da 'yan canji. Fasfo ya zauna a ɗaki.

Hanya ta farko ita ce mai sauƙi. Daga ƙofar otal, tafiyar kamar minti goma za ta kai ka Unity Fountain da Millennium Park, waɗanda ke dab da juna. Wahalarta ɗaya ce, tsallaka titi. Motocin Titin Shehu Shagari gudu suke yi, kuma zanen tsallakawa ba ya tsayar da direba. Ka tsallaka rabi, ka tsaya a kan dandamalin tsakiya, sannan ka ƙarasa. Ko danja ta tsayar da motoci, ka waiwaya ka duba masu shan kwana.

A Unity Fountain akwai sunayen jihohin Najeriya kewaye da wurin, kuma nan ne masu fafutukar a dawo da 'yan matan Chibok suka riƙa zama tun 2014. Har yau matattarar masu zanga-zanga ce. In ka hango motocin 'yan sanda sun yi layi, ka fasa, barkonon tsohuwa ba ya tambayar wa ya zo kallo. Shi kuma Millennium Park, Sarauniya Elizabeth ta Ingila ce ta buɗe shi a Disambar 2003, wani ɗan Italiya mai suna Manfredi Nicoletti ya zana shi, faɗinsa kusan hekta 32. Rafi ya raba shi biyu: gefe guda an tsara shi da miƙaƙƙiyar hanya da wuraren feshin ruwa, ɗaya gefen an bar shi kusa da yadda Allah ya yi shi. Daga ciki ake ganin Dutsen Aso sosai, sai dai in hazon hunturu ya rufe shi. Ranakun aiki wurin shiru yake. Asabar da Lahadi da ranakun salla kuwa tabarma na gogar tabarma. Ka tambayi masu tarbar baƙi a otal lokacin buɗe ƙofa kafin ka fita.

Daga nan kada ka zarce wajen Aso Drive ko harabar Majalisa da Kotun Ƙoli kana ɗaga waya. Yankin jami'an tsaro ne, kuma tambayar da za a yi maka ta fi hoton tsada.

Hanya ta biyu ta fi daɗi, ta kuma fi ɓatar da mutum. Ka bi Aguiyi Ironsi, inda ofisoshin hukumar sadarwa ta NCC da hukumar jami'o'i ta NUC suke, ko ka shiga Titin Gana, daga nan ka karkata cikin layuka. Da yawansu sunan koguna suke ɗauke da shi: Mississippi, Amazon, Nile, Danube, Zambezi inda hedikwatar INEC take, har da Yedseram na ƙasar Borno. Layin da sunansa ya ƙare da Close ba ya ɓullewa, mai Crescent kuma zagayowa yake yi ya dawo da kai titin da ka baro. Taswirar waya ba ta san shingen da mazauna layi suka saka ba, sau da yawa za ta nuna maka hanya ka tarar da ƙarfe a gicciye. Ga tudu da gangare, musamman wajen Ministers Hill, don haka kilomita huɗu a nan ka ba ta awa ɗaya da 'yan mintoci.

Wanda ya fito kallon gidajen manya zai koma da takaici. Dukiyar Maitama bayan katanga take, abin da za ka gani shi ne bango, wayar lantarki a samansa, furanni sun zubo ta kai, da tutar wata ƙasa in ofishin jakadanci ne. Rayuwar unguwar a bakin get take: mai gadi a kan benci da rediyonsa da butarsa, direbobi na wanke motoci, mai ban ruwan fulawa da tiyo, mai shayi a kusurwar kangon da ba a gama ginawa ba. Da yawansu Hausa suke ji. "Sannu da aiki, Baba, wannan layin yana ɓullewa?" ya fi kowace taswira, kuma gaisuwar ce ke raba ka da mai leƙen gidan mutane a idonsa. Kada ka daɗe tsaye a ƙofar ofishin jakadanci, kada ka ɗauki hotonsa.

Idonka ya riƙa komawa ƙasa. Hanyar masu ƙafa a wurare da dama murfin kwalbati ce da aka jera, kuma inda murfi ɗaya ya karye ko aka ɗauke shi, rami ne mai zurfi, wani lokaci busasshen ganye ya rufe bakinsa. Inda aka ajiye motoci a kan hanyar dole ka sauka kwalta, to ka bi gefen da kake fuskantar motoci masu zuwa. Abin saƙalawa a kunne ka bar shi a aljihu.

In gajiya ta kama ka a nesa, kada ka sa ran ɗan acaɓa, tun 2006 aka hana su aiki a tsakiyar Abuja. Kada kuma ka tsayar da motar da ta yi maka hon da mutane a ciki, irinta 'yan "one chance" ke amfani da ita su yi wa fasinja fashi. Ka kira Bolt ko Uber, ko ka buga wa otal su turo mota, ka jira ta kusa da mai gadi, ka duba lambarta ta yi daidai da ta cikin waya kafin ka buɗe ƙofa.