Yadda Na Tantance Ƙarfin Sauke Dakaru Daga Teku

Lokacin da aka ba ni aikin tantance ko wata rundunar sojan ruwa za ta iya sauke dakaru a gaɓar da abokan gaba ke riƙe da ita, ƙidayar jiragenta na fara yi. Na jera manyan jiragen dakon soja, na tara adadin mutanen da kowanne zai ɗauka, na rubuta cewa rundunar za ta iya. Malamin da ya duba aikin ya ja layi da jan biro a ƙarƙashin jimillar, sannan ya tambaye ni jirage nawa ne suke wurin gyara, kuma sawu nawa ƙananan jiragen sauke soja za su yi kafin ruwan teku ya janye. Ban iya ba shi amsa ko ɗaya ba.

Sai na koma ga taswirar zurfin ruwa da jadawalin cika da janyewar teku, waɗanda a da na ɗauka aikin matuƙan jirgi ne kawai. A Tarawa, wasu tsibirai da ke Tekun Pasifik da sojan Japan ke riƙe da su, cikin Nuwamba 1943, ruwa bai cika yadda aka zata ba, jiragen sojan Amurka suka maƙale a kan duwatsun murjani, dakaru suka riƙa ratsa ruwa da ƙafa ana yi musu ruwan harsashi, har aka kashe kimanin 1,000 cikin kwana uku. Na daɗe ina kallon wannan adadi, domin lissafina na farko zai iya jefa mutane cikin irin wannan hali.

Abin da ya fi ba ni wahala shi ne kwanakin da ke biyo bayan saukar, lokacin da dole mai da harsasai da ruwan sha su ci gaba da isa gaɓa, a kuma kwashe waɗanda suka ji rauni. A yaƙin tsibiran Fokland na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina, makami mai linzami ya sami jirgin ruwan dakon kaya na Birtaniya mai suna Atlantic Conveyor ranar 25 ga Mayu, Birtaniya ta yi asarar uku daga cikin manyan jirage huɗu masu saukar ungulu samfurin Chinook, dole dakaru da yawa suka ratsa tsibirin da ƙafa ɗauke da kayansu.

A rahotona na biyu na cire jiragen da ke gyara, na sa lokacin share nakiyoyi da kariya daga harin sama, na kuma auna kayan da za su iya isa gaɓa kowace rana. Rundunar za ta iya kama gaɓar, amma ba ta da abin da za ta riƙe ta da shi, kuma haka na rubuta.