Ƙaramin kabad: aikin farko ga mai koyon kafinta

Kabad mai tsayin inci 30, faɗin inci 24 da zurfin inci 14 ya isa a fara da shi. Filawud guda mai kaurin inci ¾, wanda ke zuwa ƙafa 4 da ƙafa 8, zai fitar da gefuna, sama, ƙasa, kanta da ƙofofi har ya yi saura. Bayan kabad kuwa siririn filawud na inci ¼ ake sa masa. MDF, wato allon da ake yi da niƙaƙƙen katako, ya fi filawud sumul, amma da ruwan goge ɗaki ya taɓa gindinsa sai ya kumbura.

Gefuna biyu, kowanne 30 da 14. Sama da ƙasa tsakanin gefunan suke shiga, don haka a cire kaurin katako biyu daga faɗin, ya zama 22½. Sai dai ka auna kaurin da kanka, domin abin da ake sayarwa da sunan ¾ sau da yawa bai cika ba. Kafin zarto ya hau, bi layin da wuƙa mai kaifi, in ba haka ba fatar filawud ɗin za ta yi ta tsagewa.

Wajen haɗawa, shafa gam, sannan ka huda ƙaramin rami kafin ɗaura sukuru, ka bar inci 2 daga bakin gaba da na baya. Sukurun da aka danna ba rami raba filawud yake yi gida biyu.

Inda yawancin masu koyo ke faɗuwa shi ne buga baya. Tun gam bai bushe ba, kifa kabad ɗin, ja tef daga kusurwa zuwa kusurwar da ke kallonta, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. Dukansu su ba ka kusan inci 38½. In ɗaya ya ɗara, matsa dogon har su yi daidai, sannan ka buga bayan da ƙananan ƙusoshi, tazarar inci 6. Da ka buge shi a karkace, shi ke nan, ƙofa ba za ta taɓa zama ba, kuma a banza za ka yi ta zargin hinjis.

Ƙofofi biyu, a bar musu ratar inci ⅛ a tsakani saboda danshin damina. Ɗaga kabad ɗin a kan ƙafafu na inci 4, ka shafa musu maganin gara kafin fenti.