Shekara shida a lambun gidan mutane: abin da ɗanyen kashin kaji ya koya min

Ranar Asabar na miƙa makullin ɗakin kayan aiki, na yi sallama da masu gadi, na bar gidan da na yi shekara shida ina kula da lambunsa a Nasarawa GRA, nan Kano. Duk wanda ya taɓa aikin lambu a irin waɗannan gidaje ya san tsarin. Alhaji da Hajiya ba kasafai suke magana da kai ba, akwai wani a tsakani da ke riƙe da kuɗin cefane da na mai da na taki. Shi ne ogana, kuma a kansa na koyi abin da har yau yake ci min rai.

A bazarar 2023 abin ya faru, kamar sati biyu bayan ƙaramar Sallah. An sa bikin 'yar gidan tsakiyar watan Yuni, kafin babbar Sallah, Hajiya ta ce tana son ko'ina ya yi kore shar. Na rubuta abin da nake buƙata: takin zamani na kamfa buhu biyu, ruɓaɓɓen takin shanu, da zana ta yin inuwa. Lokacin takin zamani ya yi tsada sosai, tun bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukren a 2022 farashinsa bai sauko ba. An ba da kuɗin, na san an bayar. Amma abin da ya iso min shi ne buhunan kashin kaji daga wata gonar kaji, da ɗuminsa, warinsa na hawa kai tun daga bakin get.

Na san abin da zai biyo baya. Tun ina yaro a fadamar mahaifina nake ganin ana tara kashin kaji gefe, a rufe shi, a riƙa jiƙa shi ana juyawa wata biyu zuwa uku kafin ya kusanci shuka. Ɗanyensa yana da ƙarfi fiye da na shanu nesa ba kusa ba. Gishirin da ke cikinsa yana zuƙe ruwa daga saiwa, tururin da yake fitarwa yana babbake ganye, balle a watan Mayu na Kano da zafi kan haura digiri 40. Na ce masa, "Yallaɓai, wannan bai ruɓe ba, zai ƙona kayan nan." Ya dube ni ya ce, "Kai ne ka san kuɗin ko ni? Zuba kawai." Sau ɗaya na faɗa, murya ƙasa-ƙasa, daga ni sai shi a bayan ɗakin janareta. Sai na ɗauki shebur.

Nan ne kuskurena, kuma ba na ɗora wa kowa shi. Na ji tsoron a ce ina yi wa oga gardama, na zuba da hannuna a fangali goma sha biyu da ledojin fulawa kusan ɗari uku. Kwana huɗu gefen ganye ya fara ƙonewa kamar an gifta masa wuta. Na'ana'ar da na raina shekara biyu a inuwar mangwaro ta yi baƙi. Doddoya ta kwanta. Barkono da attaruhun da ban daɗe da dasawa ba ko ɗaya bai tashi ba. Lalle da zogale kaɗai suka tsira, su dama saiwarsu ta yi nisa.

Da Alhaji ya fito ya gani, ogana ne ya riga ni magana. Ya ce ya kawo takin ne a ajiye, ni na yi gaban kaina. Ina tsaye da tiyo a hannu, na buɗe baki na ce, "Ranka ya daɗe..." sai aka ɗaga min hannu. Aka yanke rabin albashina na wata biyu. Ba kuɗin ne ya fi ƙona ni ba, kallon da masu gadi da direba suka riƙa yi min ne, su da suka san ni da cewa ko sanda na dasa sai ta yi ganye.

Saura sati shida biki. Na kwashe ƙasar sama kamar tsawon yatsa daga kowane fangali, na tara ta bayan tankin ruwa, na yi ta kwarara ruwa kwana uku don gishirin ya nutse. Ban ƙara wahalar da kaina da tumatir ko latas ba, duk da ana ta tambaya. Tumatir a wannan zafi fure yake zubarwa, latas kuma kai yake yi ya yi ɗaci, lokacinsu hunturu ne, ku tambayi mutanen Kadawa da Kura. Na yayyafa alayyafo, wanda sati uku zuwa huɗu ya isa yanka, na shuka kuɓewa da yakuwa da rama, na ja kabewa ta bi katanga. Fulawa kuwa yanka na roƙo wajen abokan sana'a masu reno a bakin titi, na kafa a leda ƙarƙashin zanar da na saya da kuɗina. Ana cikin haka aka cire tallafin mai a ƙarshen Mayu, aka taƙaita tayar da janareta, na koma ban ruwa da bokiti bayan sallar asuba da kuma dab da magariba, har Allah ya kawo ruwan sama. Ranar biki a gaban katangar nan mata suka yi ta ɗaukar hoto. Hajiya ta yaba wa ogana. Kuɗina ba a mayar min ba.

Sauran abubuwan da na koya gajeru ne. Kada ka yi dashe da rana tsaka, bari sai yamma. Ciyawa busasshiya a gindin shuka tana rage maka rabin wahalar ban ruwa, amma ka sa ido kan gara. Jiƙaƙƙen 'ya'yan darbejiya na korar ƙananan kwari idan ka fara da wuri. Irin da ka ajiye da kanka ya fi wanda ba ka san shekararsa ba.

Ga wanda zai karɓi lambun, na san za ka karanta wannan. Duk abin da aka ce ka zuba, ka tura saƙo a waya ka ajiye amsar, kuma ka faɗi ra'ayinka a gaban mutum na uku, da ladabi amma a ji. Ogan nawa yana nan bai tafi ba. Akwai littafi mai jan bango a kan shiryayye, na rubuta ranar da na shuka komai tun 2023. Tarin takin da ke bayan tanki na juya shi sati biyu da suka wuce, ka ba shi wata guda kafin ka taɓa.