Talata: neman zaren tsamiya a Kurmi

Yau da hantsi na shiga Kasuwar Kurmi neman zaren tsamiya, wato silikin da tsutsar daji ke yi, don Baffa ya ce ba za a yi wa rigarsa ta Sallah aska takwas da zaren roba ba. Duk rumfar da na tsaya sai a miƙo min zaren kanti mai ƙyalli, wai ai duk ɗaya ne. Ina! Tsamiya ta asali ba ta ƙyalli, launinta ƙasa-ƙasa ne, kuma tana da ɗan kaushi a hannu.

Wani mai rumfa ne ya haɗa ni da yaro ya kai ni wajen wani dattijo masaƙi a lungu. Na tarar da shi yana aiki, ƙafafu na taka, ƙoshiya na kai da komo, zaren ya miƙe can gaba a ɗaure da kunkuru, wato katakon da ke riƙe zaren, da aka danne da dutse. Ƙwaryar da yake saƙawa, wato siririn ƙyallen, faɗinta bai wuce tafin hannu ba, sai an harhaɗa da yawa kafin riga ta fito.

Na ce, "Baba, kasuwa fa?" Ya ce, "Ɗana, bar ta kasuwa tukuna, zaren ma ina yake?" Tsutsar tsamiya a daji take yin gidanta. Sai an ɗebo, a dafa da toka, a wanke, a shanya, sannan mata su kaɗa da mazari. Tsofaffin da suka iya wannan kaɗi suna ta ƙarewa, 'yan mata kuwa ba sa koyo. Alharini ma, jan silikin da a da fatake ke kawowa ta Sahara ana saka shi a saƙin barage, ya ce rabonsa da na ƙwarai tun yana saurayi. Ga dillali ya karya farashi, yana nuna masa shaddar Kantin Kwari mai araha.

Abin ya tsaya min a rai. Garin da Bature Barth ya zo a 1851 ya tarar tufafinsa na kaiwa har Tumbuktu, garin da karofin Kofar Mata ke aiki tun 1498, yau masaƙinsa ba shi da almajiri ko ɗaya. 'Ya'yansa biyu A Daidaita Sahu suke ja, kuma ban ga laifinsu ba, tuwo ake nema.

Ya ce in dawo bayan mako biyu. Akwai wata tsohuwa a ƙauye da ke kaɗa masa, in jikinta ya yi sauƙi za ta aiko da zare. Na bar masa kafin alƙalami.