Tantin da ya fi kujerar Makka tsada

Asabar, tsakiyar hunturu, Sakkwato.

Ban gama karin kumallo ba Kawu ya aiko yaronsa a kan babur, ya ce in same shi a rumfarsa kafin azahar. Na tarar da shi zaune a kan darduma tsakanin buhunan albasa, ya miƙo mini wayarsa ya ce wani abokin cinikinsa na Legas ne ya turo masa wata takarda ta Turanci, yana neman su tafi Botswana tare a watan Yuli domin kallon namun daji. "Kai ne malamin labarin ƙasa," in ji shi, "ka karanta ka gaya mini abin da ke ciki, don ni dai tanti na gani a hoto, na kuma ga kuɗin da ya wuce na kujerar Makka." Na koma gefe inda hayaniyar 'yan dako ba ta kai sosai, na kwashe fiye da awa guda ina karantawa ina rubuta abin da zan faɗa masa a bayan wani tsohon rasit.

Tafiyar da aka tsara ta kwana tara ce a dausayin Okavango, a arewa maso yammacin Botswana. Daga Johannesburg jirgi zai kai su garin Maun, daga can kuma ƙaramin jirgi mai ɗaukar mutum kaɗan zai ajiye su a wani filin ƙasa a cikin daji, shi ya sa aka gargaɗe su kada kowa ya zo da akwati mai tauri, sai jaka mai laushi marar nauyi. Babu otal a tafiyar gaba ɗaya. Baƙin ba za su wuce shida ba, amma masu yi musu hidima sun kusa kai yawansu, kuma a kowane wuri kwana uku za su yi, sannan babbar mota ta kwashe tantuna da gadaje da kayan girki ta yi gaba tun da safe, su kuma su biyo baya a hankali suna kallo, kafin su iso an kafa komai an ɗora ruwan zafi. Da na zo nan a bayanina Kawu ya ɗaga hannu ya ce ai wannan ayari ne, irin wanda kakansa ya bi zuwa Gwanja sayen goro, da madugu da jagaba da ke shiga gaba ya zaɓi zango. Ban sami abin da zan gyara a maganarsa ba, kuma daga nan duk inda takardar ta ce sansani sai in ce zango, bayanin ya fi tafiya daidai.

Abin da ake kira alatu a zangon ya ɗan ba ni dariya, domin rabinsa mun tashi da shi a gidajenmu muna ganin talauci ne. A cikin tantin akwai gado da katifa da farin zanen gado, da fitila a ƙofa. A bayansa akwai banɗaki marar rufi, inda ake rataye bokiti mai famfo a gindinsa, a cika shi da ruwan da aka ɗumama a kan itace, mutum ya tsaya ƙarƙashinsa ya yi wanka yana kallon sama. Masai rami ne da ake haƙawa a ɗora masa kujera, ranar tashi a binne. Kuku yana gasa burodi a cikin akwatin ƙarfe, garwashi a ƙasa garwashi a sama. Zangon ba shi da shinge ko kaɗan, saboda haka dokar dare ita ce kowa ya zuge ƙofar tantinsa kada ya fito sai an zo an tashe shi, kada kuma ya ajiye abinci a ciki saboda kura. Ana tashi kafin gari ya waye, a sha shayi a shiga buɗaɗɗiyar mota, a dawo da hantsi ya yi zafi, a sake fita bayan la'asar. A kan wannan ne ake biyan ɗaruruwan daloli kowane dare a kan mutum ɗaya, wasu kamfanonin har su haura dala 1,000.

Ni abin da ya fi ɗaukar hankalina, kuma takardar ba ta ba shi fiye da layi uku ba, shi ne ruwan kansa. Kogin Okavango daga tsaunukan Angola yake tasowa, inda Cubango da Cuito ke tattara ruwan daminar can, ya ratsa wani siririn yanki na Namibiya, ya shiga Botswana, daga nan kuma ba ya kai wa teku. Bazuwa yake yi a kan yashin Kalahari, rana da tsirrai su shanye kusan dukansa. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, gangarenta bai wuce kimanin mita 60 ba a tsawon kilomita 250, don haka ruwan rarrafe yake yi ta cikin ciyayi, sai ya shafe wajen wata huɗu kafin ya kai Maun. Sakamakon haka shi ne ambaliyar takan cika tsakanin Yuni da Agusta, lokacin da Botswana ke tsakiyar rani, an daɗe da ɗauke ruwan sama, tafkunan daji duk sun ƙafe. Dausayin da ke da faɗin murabba'in kilomita wajen 6,000 sai ya kumbura ya kai kimanin 15,000, wato fiye da rabin Jihar Sakkwato, dabbobin da ƙishi ya koro daga ko'ina su taru a bakinsa: giwa da ɓauna, raƙumin dawa da jakin dawa, zaki da damisa da kyarkeci suna biye da su, ga dorina da kada a ciki, ga kuma wata jar barewa da ake kira lechwe wadda gudunta a cikin ruwa ya fi na kan tudu. Na ce wa Kawu ya ƙaddara a ce Rima ta yi ambaliya a watan Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara, ba tare da ɗigon ruwa ya sauka a Sakkwato ba. Ya yi shiru, sannan ya ce ikon Allah, ya kuma tambaya ko suna noman shinkafa a wurin.

Tambayar ce ta kai mu ga zancen kuɗi. Na gaya masa tsakiyar dausayin ba a noma a ciki, ba a kuma kiwo. Shekaru masu yawa tsando ne ya hana shanu shiga, har aka yi masa feshi ta jirgin sama a 2001 da 2002, yanzu kuma dogon shingen waya ne ya raba shanu da ɓauna saboda cuta. Gandun Moremi, inda za su yi zango biyu daga cikin ukun, mutanen BaTawana, wata ƙabila ta yankin, su ne da kansu suka keɓe shi a 1963, a zamanin da matar marigayi Sarki Moremi na Uku ke riƙon sarauta, ganin yadda mafarauta ke ƙarar da namun. A 2014 hukumar UNESCO ta saka dausayin a jerin wuraren gado na duniya, shi ne na 1,000 cif. Gwamnatin ƙasar kuma da gangan ta zaɓi baƙi kaɗan masu biya da yawa, ta ƙayyade yawan gadaje a kowane yanki, kuma a cikin Moremi mota ba ta sauka daga hanya, ba ta yawo da dare. Kawu ya murza carbinsa ya ce, "Ashe rashin mutane suke sayarwa." Na jima ina koyar da wannan darasi a aji ban taɓa taƙaita shi haka ba, kuma a ganina ɗan kasuwa ne kaɗai zai gano da sauri cewa hajar da ke teburin ita ce wofin daji, tantin kuwa buhun da aka zuba ta ne.

Sai dai bai tsaya nan ba. Da ya ji cewa Botswana na da giwaye wajen 130,000, fiye da kowace ƙasa a duniya, abin da ya fara tambaya shi ne gonar wa suke ci. Takardar ba ta ce komai a kan haka ba, duk da cewa a can zance ne mai zafi, domin an haramta farauta a 2014 a zamanin Shugaba Ian Khama, Shugaba Masisi ya ɗage haramcin a 2019, kuma kukan manoman da ke zaune a gefen daji na cikin dalilan da aka bayar. Wanda ya biya dala domin ya ga giwa ta wuce ta gaban tantinsa, da wanda ta kwana a cikin dawarsa, giwa ɗaya suka gani, amma ba na jin za su ba da labari iri ɗaya. Na ambata masa cewa akwai wuraren da suka fi kusa, kamar Zakouma a Cadi, da Dagona a dausayin Haɗeja da Nguru inda tsuntsayen Turai ke sauka a irin wannan lokaci, ya ce ai ba shi ya zaɓi wurin ba, gayyatarsa aka yi. Aka kira azahar muka tashi.

Bayan la'asar zancen ya ƙi barin kaina, sai na hau babur na nufi gadar Kwalkwalawa a hanyar jami'a. Hazo ya sauko har rana ta koma kamar farin faranti. Fadamar a cike take: albasa da tumatir da shinkafar rani, injinan ban ruwa suna ta ƙara ta kowace kusurwa, samari suna wankin babura a bakin ruwa, wani Bafillace yana jiran su gama ya shayar da shanunsa. Ko taki ɗaya babu wanda ba shi da mai shi. Duk da haka na ƙirga balbela da yawa, da zalɓe guda biyu tsaye kamar an dasa su, da zakaran ƙeƙuwa yana ta tsiwa, da wani ɗan tsuntsu mai baƙi da fari da ke tsayawa cak a iska kafin ya faɗa ruwa ya fito da kifi.

Can ƙasa da gadar wani dattijo Basarke ya turo jirginsa gaɓa, yana tsaye a ƙarshen jirgin da doguwar gora a hannu, tsayuwar da ba ta da bambanci da ta mutumin da ke shafi na huɗu na takardar Kawu. Na gaishe shi, na ce, "Baba, duba wannan ka gani," na nuna masa hoton mokoro, kwalekwalen Okavango, da baƙi biyu zaune a ƙasansa ana tura su ta cikin bado. Ya riƙe wayar nesa da idonsa ya daɗe yana dubawa. Abin da ya fara faɗa shi ne jirgin nan ba na itace ba ne, kuma gaskiyarsa, domin a da daga gungumen kanya ko nonon giwa ake sassaƙa su, yanzu an koma yin su da wata irin roba mai ƙarfi don a bar manyan itatuwa su rayu. Ya yaba tsayuwar mai gorar, ya ce ya san ruwa. Da na gaya masa akwai dorina a wurin sai fuskarsa ta canza, ya ce, "Ɗana, wanda ya san dorina mai ɗa ba ya biyan kuɗi a kai shi gare ta." Shi kansa bai taɓa ganinta a nan ba, labari ya ji daga mahaifinsa, sai kuma abin da ake ji har yanzu daga wajen Yawuri. Amma gauraka ya gani da idonsa yana yaro, garke-garke, ana jin kukansu tun daga nesa da asuba, ya ce ya manta rabon da ya ji shi. Wannan tsuntsu ne ake kira tsuntsun ƙasa na Najeriya, kuma ɗalibaina a littafi kawai suka san shi.

Ya ce ruwa ma ya canza hali tun da aka yi madatsun ruwa na Bakolori da Goronyo, a da shi ke zuwa da lokacinsa ya shimfiɗa a fadama ya bar kifi a kowane kududdufi, yanzu sai yadda aka sako shi. Bai faɗi haka da ɗaci ba, domin 'ya'yansa biyu noman rani suke yi da wannan ruwan, ni ma ruwan famfon da nake sha daga can yake fitowa, albasar Kawu kuma da shi ta girma. A tsaye a wurin na lura cewa babban arzikin Okavango shi ne har yau ba a tare koginsa da wata babbar madatsa ba, kuma ƙasashe uku ne ke da hannu a kansa, mutanen Angola da Namibiya su ma suna buƙatar ruwan sha da na noma kamar yadda muka buƙata. Na sayi tarwaɗa huɗu a wurin dattijon na ɗaure a bayan babur.

Bayan isha Kawu ya kira ni a waya ya ce in rubuta wa kamfanin, ya kuma jero mini tambayoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Yana son ya san wanda ke yanka naman da za a ba su, da kuma ko direba zai tsaya idan lokacin salla ya yi alhali ana tsakiyar bin zaki. Ya ce kofunan da ya gani a hoton faɗuwar rana ya san abin da ke ciki, a gaya musu shi shayi yake sha. Na tuna masa cewa Yuli tsakiyar sanyi ne a can, da asuba har yakan kusa daskarar da ruwa, ya ce to a ƙara da wannan: idan ya zo da bargonsa da butarsa da kilishinsa, nawa za su rage masa. Na ce kilishin dai kura za ta riga shi, ya ce in rubuta yadda ya faɗa. Na rubuta duka huɗun da Turancin da ya fi kowane ladabi, na tura, amsa kuma sai Litinin.